Kada Ku Saki Labari a Daren da Kuka Rubuta Shi

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganarmu da marubuta ce, musamman masu rubuta labari a waya suna sakinsa shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad. Kun san yadda abin yake. Ƙarfe goma na dare masu karatu sun dami marubuciya da "Anti, ina ci gaba?", ita kuwa ta duƙufa tana dannawa har yatsa ya yi tsami, tana ɗiga aya ta ƙarshe ta tura. Ko waiwayar abin da ta rubuta ba ta yi ba. Wallahi akwai masu baiwa sosai a cikinsu, shi ya sa abin yake damuna, don rabin aikin suke yi su tsaya.

Rubutu aiki biyu ne. Daftarin farko sussuka ce, gyara kuma shiƙa, ba kuwa wanda ke kai hatsi niƙa da ƙaiƙayinsa. A daftarin farko ku saki hannu, ku zubo duk abin da ke ranku, kada ku tsaya neman kalma mai daɗi. Da kun gama, ku rufe shi ya kwana, in da hali ya yi kwana biyu. Masu saki kullum, ku tara shafi biyar ko shida a hannu kafin ku fara, yadda abin da za ku tura yau tun makon jiya kuka rubuta shi.

To, an dawo gyara. Me za a duba?

Ku dubi wannan jimlar: "Hajara ta ji baƙin ciki matuƙa da gaske, zuciyarta ta yi mata zafi sosai, ranta ya ɓaci ƙwarai." Magana ɗaya aka faɗa sau uku, kuma har yanzu ba mu ga Hajara ba. Ga ta bayan gyara: "Hajara ta ajiye masa tuwon, ta koma madafa, ta zauna gaban murhu har wutar ta mutu ba ta iza ba." Ba a ambaci baƙin ciki ko sau ɗaya ba, amma kun ji shi. Kun ma fara tambayar kanku me maigidan ya yi mata, wannan tambayar ce kuwa ke sa mutum ya buɗe shafi na gaba. Duk inda kuka tarar da "sosai", "matuƙa" da "ƙwarai" sun yi cincirindo, ku tsaya ku tambayi kanku: me mutumin nan ya yi da hannunsa, ina ya kalla, me ya fasa faɗa?

Sannan ku karanta a bayyane, da murya, kamar kuna ba ƙanenku labari. Kunnen Bahaushe ya fi idonsa saurin kama kuskure. Inda numfashi ya ɗauke kafin ku kai aya, jimlar ta yi tsawo. A hirar taurari kuwa, wato mutanen cikin labarin, nan asiri ke tonuwa. Tsohuwa ba ta magana kamar mai karanta labaran rediyo, kuma matar da ta taso a ƙauye da wuya ta kira sunan mijinta ko na ɗanta na fari gatsau. In kuka sa ta yi haka ba da dalili ba, mai karatu zai ji labarin ya yi masa bambaraƙwai ko da bai san daga ina ba.

Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe: haruffa masu lanƙwasa, raba kalma da haɗe ta, aya da waƙafi. Ku saukar da madannin Hausa a wayarku, kyauta ne.

Akwai kuma abin da gyara ba ya iya sa wa mutum, shi ne karatu. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, inda malamai irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi fice. A 1936 aka ɗauko Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce. An tara masa littattafan labarun Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ya karanta, ya sake ƙera su da Hausar da har yau ake koyi da ita, East kuma yana duba aikin. Mutumin da ya kai wannan matsayi ma yana da mai duba masa.

Saboda haka ku ma ku samu naku. Kada ya zama ƙawar da komai kuka nuna mata sai ta ce "Masha Allah, ya yi daɗi." Ku nemi wanda ba ya jin nauyinku, ku miƙa masa, ku yi shiru, kada ku yi masa bayanin abin da kuke nufi. In ya gama ku tambaye shi inda ya rikice, da inda ya ji kamar ya tsallake, da kuma wanda ya fi tsaya masa a rai cikin mutanen labarin. Ku rubuta amsoshin a takarda ba tare da gardama ba, washegari ku buɗe daftarin daga wurin da ya ce ya so tsallakewa.