Sabon abu a baje kolin jita na Anaheim yana ƙarƙashin ƙafa

Ku saurari wannan hayaniya. Ba faɗa ake yi ba. Ɗaruruwan mutane ne ke gwada jita a lokaci guda, kowa da kiɗan da yake yi. Nan Anaheim ke nan, a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake baje kolin NAMM a watan Janairu. Ƙungiyar dillalan kayan kiɗa ce ke shirya shi, kuma tun 1901 aka kafa ta. Ƙarar kan yi yawa har sai an sa ma'aikata suna zagaya rumfuna da na'urar auna sauti, wanda ya wuce gona da iri a ja masa kunne.

Kasuwar 'yan sari ce tun asali: kamfani ya baje hajarsa, mai shago ya taɓa, ya yi oda.

To, mu ɗaga kai mu dubi bango. Ga jitoci rataye reras, fenti sai ƙyalli, kowace an manna mata takardar "sabuwa". Amma ku lura da siffarsu. Wannan mai ƙaho biyu, Stratocaster ce ta kamfanin Fender, tun 1954 haka take. Waccan mai nauyi, Les Paul ce ta Gibson, ta 1952. Ko a bukukuwan aure na Agadas, siffar Stratocaster ɗin nan za ku fi gani a hannun masu kiɗa. Yawanci abin da ake sauyawa shi ne launi, ko katako, ko maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, wanda ke mayar da motsinta lantarki. Makaɗan jita ba sa son a taɓa musu abin da suka saba da shi. A 1958 Gibson ya fito da Flying V mai kamar kan kibiya, cikin shekara biyu ko ɗari bai sayar ba. Yau kuwa waɗancan na farkon sai mai hannu da shuni.

Yanzu mu sunkuya.

Wannan ɗan koren akwatin ƙarfe, da kaɗan ya fi sabulun wanki girma, shi ake kira feda, don da ƙafa ake taka shi. Sunansa Tube Screamer, na kamfanin Ibanez, yana kasuwa tun ƙarshen shekarun 1970. Maɓalli ɗaya, abin murɗawa uku. Sautin jita ya shiga ta dama, a kumbura shi har ya fi ƙarfin hanyarsa, sai a aske masa kai da gindi, ya fita ta hagu da gurnani. Ku ji kafin a taka. Ku ji bayan an taka. Wani fedan amsa-kuwwa yake yi, wani ya sa ku ji kamar cikin kogo ake kiɗan. A wannan layin ƙananan kamfanoni suke cin kasuwarsu, wasu ma mutum biyu ne da teburin walda.

Inda aka fi cunkoso kuwa, gaban akwatunan da ke kwaikwayon amfilifaya ne, wato na'urar ƙara wa jita sauti. Kamfanin Kemper na Jamus ya nuna nasa a 2011, Neural DSP na ƙasar Finland ya kawo Quad Cortex nan a Janairun 2020. Yadda suke aiki: a jona akwatin da tsohuwar amfilifaya mai bawul irin na rediyon da, a kafa makirufo gaban lasifika, sai ya riƙa tura mata wasu ƙararraki marasa daɗin ji, yana sauraron yadda take amsawa. Cikin 'yan mintoci ya haddace muryarta. Kamar yaron da ya zauna gaban maroƙi har ya iya kwaikwayonsa.

Tsofaffin hannu na cewa kunne na iya ruɗuwa, amma yatsa na jin bambanci. Ban ƙi tasu ba. Sai dai a wannan hayaniyar ban ga mai iya rantsuwa ba. Abin da sikeli ya nuna shi ne amfilifayar Twin Reverb ta Fender ta kusa kilo 30, Quad Cortex kuwa bai cika kilo 2 ba, jakar goyo ma ta ishe shi.