Fim Ɗin Minti 5: Yadda Ɗalibi Ke Koyon Sauti, Kyamara da Tace Hoto

Jama'a, assalamu alaikum. Ku ɗan rufe ido ku saurari wannan ɗan guntun fim na wani ɗalibi.

Kun ji? Ga janareta, ga fanka, can nesa ga hon ɗin adaidaita sahu, a ƙarƙashinsu kuma wata uwa na yi wa ɗanta faɗa. Ita ya kamata mu ji, ita ce kuma ba mu ji ba. To ku buɗe ido. Hoton ya yi kyau, ko? Amma da wuya mutum ya kai minti ɗaya yana kallo. Ana cewa gani ya kori ji, to a harkar fim in ji ya lalace shi ke korar gani.

Haka fim ɗin farko na mai koyo yakan fito, kuma ba abin kunya ba ne. Da yawa daga ma'aikatan Kannywood a lokeshan suka koyi aiki, suna riƙe wa ubangida waya da fitila har hannu ya faɗa. Makarantu irin su Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda aka kafa a 1995, suna taƙaita wannan doguwar hanya: a haɗa ɗalibai rukuni, a ce ku je ku yo gajeren fim. Hikimar ita ce kuskuren kowa a hannun abokinsa yake fitowa.

Mai sauti shi ake rainawa. Makirufon da ke jikin kyamara yana nesa da bakin ɗan wasa, don haka ɗakin yake ɗauka gaba ɗaya. Maganin shi ne kusanci. A ɗaura makirufo a doguwar sanda, a saukar da shi saman kai, tazarar kamar rabin mita, dab da inda hoto ya ƙare. In kuwa ƙaramin nan ne da ake maƙalawa a ƙirji, ku kula da tufafi. Sabuwar shadda da ta sha bugu, da ɗan wasa ya motsa kafaɗa sai ku ji ƙaras-ƙaras ya cinye maganar. Ba za ku san da wannan ba sai da abin ji a kunne, ba a wuya ba. Idonku kuma na kan mizanin ƙarfin sauti: murya ta tsaya wajen 12 ƙasa da sifili. In ta buga sifili ta fashe, kuma babu manhajar da za ta dawo da ita yadda take.

A kashe fanka, a ja janareta bayan katanga, a kashe firji. Masu aikin suna da dabara: su jefa makullin motarsu cikin firjin, don kada su tafi su bar wa masu gida nama ya lalace. A san lokutan salla tun wajen tsara aiki, domin da lasifikar masallaci ta tashi aiki ya tsaya. Kafin a bar ɗaki kuma, kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30, a naɗi shirun. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi edita zai cike giɓin da ke tsakanin magana da magana.

Sai kyamara. Ku dubi layukan nan da ke rawa a bango cikin hoton fim ɗin. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma sun zo a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, sai su saɓa da ƙwan fitila. A mayar da ita 25, ƙiftawar kyamara ta zama ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, layukan su ɓace.

Ranar tsaka ba ta yi wa fuska adalci, ido yakan faɗa cikin inuwa. Ga kuma matsalar da tamu ce sosai: baƙar fata cikin farar riga. In aka bar kyamara ta yi wa kanta hukunci, rigar za ta bi, fuska ta duhunce. Fuskar ake auna wa haske, a tallafa mata da farin kwali daga ƙasa, ko a jira bayan la'asar. In mutum biyu na magana kuwa, ku ƙaddara akwai layi tsakaninsu, kyamara ta tsaya ɓangare guda. Da ta tsallaka, sai a ga su biyun suna kallon gefe ɗaya.

Duk wannan ana faɗa a aji, amma ba ya zama a kai sai an zauna gaban kwamfuta. Manhajar tace hoto ta DaVinci Resolve na da nau'in kyauta, mai waya kuma na iya farawa da CapCut. Nan edita zai ga kofin shayi ya cika, a hoto na gaba ya koma rabi, sannan ya sake cika. Zai nemi hoton hannu ko na ƙofa da zai rufe wannan da shi, ya tarar ba a ɗauka ba. Zai nemi tafin da ake yi gaban kyamara don haɗa murya da baki, babu. A ganina duk mai son riƙe kyamara a fara ɗora shi kan wannan kujera. Shi ya sa ake juya aiki: editan yau shi ne mai sandar makirufo a fim na gaba.

Ku ajiye hotuna da sautin a wuri biyu tun daren da aka ɗauka. In za ku sa rubutu a ƙasan hoto, ku gwada ɓ da ɗ da ƙ tukuna, don wasu salon haruffa akwati suke fitarwa a madadinsu. Kafin ku miƙa wa malami kuma, ku tura fim ɗin waya, ku kunna a lasifikarta a bakin titi, tunda yawancin masu kallonku a waya za su gani. Duk maganar da ta ɓace a nan, ku rubuta ta, ku kira ɗan wasan ya sake faɗa.