Accra ko Kumasi, ina aka fi shan matsi? Ga yadda ake haɗa jerin nan

[Hoto: layin motoci a hanyar Kasoa, gari bai gama wayewa ba]

Jama'a, kun ga jerin nan da ke yawo a WhatsApp, wai biranen da suka fi matsa wa mazaunansu. Tun da ya fito 'yan Nima ta Accra da 'yan Aboabo ta Kumasi ke ta musu, kowa na cewa nasu garin ya fi cin rai.

Irin wannan jeri ba yau aka fara ba. A 2017 kamfanin Zipjet ya jera birane 150: Bagadaza ce ta fi matsi, sai Kabul, Legas ta uku, Stuttgart ta Jamus kuma ta fi kowa kwanciyar hankali. Sana'ar Zipjet fa? Wanki da guga. Talla suke yi, kuma ta karɓu.

[Hoto: kasuwar Kejetia ta Kumasi daga sama]

To ga inda ake ruɗewa. Ba wanda ya je ya auna damuwar kowa. Likita in zai auna, tambayoyi zai yi maka, ko ya ɗebi yawu ko gashi ya duba sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa in ana cikin damuwa. Masu jeri kuwa alƙaluma suke tarawa daga ofis: cunkoso, hayaniya, gurɓatar iska, tsaro, rashin aiki. Kowanne su ba shi maki.

A tsaya nan, kar a wuce. Kafin a haɗa makin, dole wani ya yanke wanne ya fi nauyi. Kamar malamin da ya ba lissafi maki 60, Larabci 10: gobe in ya juya, ɗalibin da ya zo na ɗaya ma ya canza, alhali yaran su ne dai na jiya. Ka ɗora nauyi kan cunkoso, wanda ke tashi ƙarfe 4 don ya kama trotro (bas ɗin haya) daga Kasoa zuwa Accra ya ja Accra ƙasa. Ka ɗora shi kan samun aiki, lissafi ya iya juyewa.

[Taswira]

Ƙidayar 2021 ta ba yankin Accra da na Ashanti kusan mutum miliyan 5.4 kowanne, amma faɗin Ashanti ya ninka na Accra sau 7, wato a Accra aka fi cunkushewa. Sauran ku duba taswirar.

[Hoto: ƙofar gidan haya, an rubuta lambar waya da alli]

Ni abin da ya fi ba ni haushi, abin da ke hana mu barci ba ya shiga lissafin. Dokar haya ta 1963 ta ce kar mai gida ya karɓi kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma je ka nemi ɗaki ka ji: "Shekara 2, Malam, in ba ka da shi akwai mai jira." Kuma maki ɗaya ake ba birni gaba ɗaya, mai gida a East Legon, unguwar masu hali, da mai kwana kusa da kwatar Nima lokacin damina duk a cakuɗe.

Hayaniya ma sai an tambayi yaushe aka auna. Kafin bikin Homowo sarakunan ƙabilar Ga kan hana kiɗa da surutu a Accra na wata guda, har lasifikan coci da na masallaci sai a shigar da su ciki. Mai awo ya faɗo a wannan watan, ai 'yan Kumasi sai dai su yi haƙuri.