Waya ta ce ƙasa a jiƙe take, tumatir kuma ya langaɓe

Salamu alaikum jama'a. Kun ga 'yar na'urar nan da ake cusawa a buhun shuka ta riƙa aiko wa waya labarin danshin ƙasa? Kwanan nan masu noman buhu a Kano sun yi mata ca, wai damfara ce: waya na nuna 60 cikin ɗari, tumatir kuwa ya sunkuyar da kai.

Haɗa ta ba wuya. Batir, Bluetooth, manhaja, shi ke nan. Mai ƙaramin famfo da tankin ban ruwa ya jona su da ita. Mu wuce.

Ga inda ake yin ɓarin. Na'urar ba ruwa take gani ba. Ku ɗauki irin mai ƙafafu biyu na ƙarfe: wuta take turawa daga wannan ƙafa zuwa waccan, ta auna yadda ta ratsa ƙasar. Ruwa na sauƙaƙa wa wuta hanya, amma gishirin da ke cikin takin zamani ma haka yake yi. Ka barbaɗa NPK yau, gobe ta rantse maka ƙasa a jiƙe take. Ga tsatsa kuma. Ni dai ɗaya irin na'urar, mai faɗi mai rufin roba, na fi so, taki bai cika ruɗa ta ba.

Ita ma ɗin ba ta san ƙasarka ba sai ka koya mata. Yashi da laka ba riƙon ruwansu ɗaya ba. Yawan ruwan da zai ƙosar da shuka a yashi, a laka ko jiƙa maƙoshi ba zai yi ba, don laka ƙanƙame ruwanta take.

To ga yadda na koya mata. Na cusa ta a busasshiyar ƙasar buhun, na rubuta lambar. Na kwarara ruwa har ya fara ɗiga ta ƙasa. Kada ka karanta yanzu, bari ya tsane sai gobe da safe. Lambar goben ita ce ƙoshi. Wajen tsakiyar lambobin nan biyu za ka saita ta ta riƙa yi maka ƙara, alamar lokacin ban ruwa ya yi.

Zurfi kuma, kamar tsawon yatsa da rabi, inda saiwa take. Danne ƙasar ta manne mata. Ba daidai inda bututun ban ruwa ke ɗiga ba, nan kullum damina ce.

Batun langaɓewar fa? A watan Afrilu, zafin Kano na kai maki 40. Da azahar ganye kan yi laushi ko da ruwa a gindinsa. Ka duba bayan asuba. In ya miƙe, lafiyarsa lau, kada ka ƙara masa. Saiwa ce za ta ruɓe, mai garuwa kaɗai zai ji daɗi.

Masu ta Wi-Fi, in an ɗauke wuta saƙo ba zai zo ba, sai ku haɗa da sola. In kuma ka canza ƙasa ko ka zuba sabon taki, sake gwajin nan daga farko.