Sharhi: Jarrabawar JAMB ɗaya ce, shirin ne ba ɗaya ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk shekara idan sakamakon JAMB, wato jarrabawar neman shiga manyan makarantu, ya fito, sai gardama ta kaure a majalisu kan ko jarrabawar nan tana yi wa kowa adalci. Masu kare ta suna da hujja. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 a sauran darussa uku, maki 400 gaba ɗaya. Kwamfuta ce ke duba amsa, ba ta san ɗan minista ba, ba ta san ɗan mai faci ba. Gaskiya ne. Sai dai adalcin nan daga bakin ƙofar ɗakin jarrabawa yake somawa, alhali yaro ya shafe shekara goma sha biyu a makaranta kafin ya iso ƙofar.

Tun 2015 aka ajiye takarda da fensir, kowa ya koma kwamfuta. Idan aka raba awa biyun nan, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Ɗan makarantar kuɗi ya yi watanni yana lesin, ya bi tsofaffin tambayoyi a waya har ya haddace salonsu, ya zauna jarrabawar gwaji. Shi kuwa ɗan sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauye, wanda wataƙila bai taɓa samun malamin Fiziks na dindindin ba, sammako ya yi a motar haya, kuma ranar ce ya fara zama gaban na'ura. An ce masa ya danna A, B, C ko D, harafin N ya kai shi gaba, P ya mai da shi baya. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya saba. Shi kuwa hannunsa na rawa, yana tsoron kada ya taɓa S ya miƙa aikin bai gama ba, agogo kuma yana ta ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita ma na'urar ba ma'asumiya ba ce. A 2025 sama da ɗalibai miliyan 1.5, cikin kusan miliyan biyu, suka gaza kai maki 200. Aka fara zagin yara, wai waya ta lalata su. Da iyaye suka matsa, sai magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito cikin hawaye ya amsa cewa tangarɗa ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A yaba masa da ya amsa laifi. Amma kuskuren ya fito fili ne domin waɗanda abin ya shafa suna da bakin yin ƙorafi a soshiyal midiya har a ji su.

To a soke JAMB ɗin ke nan? A'a. Ranar da aka soke ta, kujerar jami'a za ta koma hannun mai katin babban mutum, kuma talaka ne zai fara shan ƙasa. Hatta tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta, 35 na yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, wanda ya riga ya ci makin kawai yake amfana.

Saboda haka gwamnatocin jihohi ne za a tuhuma. Saya wa ɗalibai fom a ɗauki hoto ba shi ne shiri ba. Kwamishinonin ilimi su fito su faɗa mana makarantu nawa ne a jihohinsu ke da ɗakin kwamfuta mai wuta, da malaman Turanci da Lissafi da ke shiga aji, kuma ɗalibai nawa ne 'yan ajin ƙarshe za su zauna jarrabawar gwaji kafin a buɗe rajista mai zuwa.