Gangar jirgi kafin inji: abin da Kogin Binuwai ya koya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Yau ina magana da ku daga bakin Kogin Binuwai a nan Garwa, arewacin Kamaru, inda aiki ya kawo ni daga Kano shekaru huɗu da suka wuce. Lokacin rani ne, ruwa ya janye, yashi ya fito fili, abin da ya rage a wannan gefen shi ne kududdufai masu faɗi waɗanda zurfinsu bai wuce idon sawu ba, ga kuma ciyawa kwance a ƙarƙashinsu. Irin wannan ruwan ne ya sa na kamu da son ƙera ƙaramin jirgin ruwa mai farfela a sama, wanda ake sarrafawa da rimot, kuma tun da na fara nuna shi kuke tambayata wane inji ya kamata mutum ya saya.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda ba shi da komai a cikin ruwa. Farfelarsa tana sama, iska take turawa kamar ta jirgin sama, kuma alluna biyu da ke tsaye a bayanta su ne sitiyarinsa, domin su ke karkatar da iskar dama ko hagu. Manyansa suna aiki a fadamun Fulorida da Luwiziyana a Amurka, inda ciyawa ke naɗe farfelar injin kwale-kwale na yau da kullum. Na farkonsu an ƙera shi ne a Kanada a 1905 a ƙarƙashin jagorancin Alexander Graham Bell, kuma abin da aka yi da shi shi ne gwajin injuna da farfeloli, wato dai tambayar da kuke yi mini tsohuwa ce.

Amsata ita ce kada ku fara da inji. Ku dubi wannan gangar, wato jikin jirgin, da ke hannuna ta hagu, ita ce ta farko da na yi. Tsawonta santimita 60, faɗinta kuwa 17 kacal, saboda na kwaikwayi sirantar kwale-kwalen masunta, ina ganin siriri zai fi yanka ruwa. Na ɗora mata inji a kan doguwar hasumiya, na sake ta, ta tafi da gudu mai ban sha'awa, amma da na juya ta hagu sai ta kife nan take, farfela ta daki ruwa ta karye. Wani dattijo da ke gyaran komarsa a kusa ya ɗauko mini ita, ya juya ta a hannunsa, sannan ya ce: “Ɗana, ka taɓa ganin mutum ya miƙe tsaye a cikin siririn jirgi bai yi tangaɗi ba? Ai injinka a tsaye yake.” Na ce masa: “Gaskiya ne, Baba.” Ya faɗi abin da na kasa gani, domin a wannan jirgi nauyi mafi yawa yana can sama, kuma faɗin ganga ne kaɗai ke riƙe shi.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara dagula lamarin. Idan farfela tana juyawa ta wani ɓangare, gangar tana son ta karkata ta ɗaya ɓangaren, kuma gwargwadon girman farfelar gwargwadon ƙarfin karkatar. Sannan tun da turin yana fitowa ne daga sama da ruwa, yana danna goshin jirgin ƙasa, har ka ga yana huɗa ruwa maimakon ya hau kansa ya zame.

Yanzu ga ta biyu. Tsawonta bai canja ba, amma faɗinta santimita 28 ne, kusan rabin tsawon. Bari in matso da kyamara ku ga goshin, yadda ya lanƙwasa sama a hankali kamar bakin faranti, da kuma gefunan cikin da na goge da samfefa har suka yi kwana mai laushi. Wannan gogewar tana da muhimmanci ƙwarai, saboda jirgin ba ya juyawa kamar mota, zamewa yake yi ta gefe, kuma idan gefen yana da kaifi zai kama ruwa ya wuntsila. Idan na ɗora ta a kan yatsuna biyu, inda take daidaita yana wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonta daga baya. A ƙarƙashin ƙafar injin kuma na sa washa biyu, wato ƙananan zobban ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, domin iskar ta ɗan fita sama kaɗan, hakan sai ya danna baya ya ɗaga goshi.

Cikin gangar farin kumfan nan ne da ake tallafe firji da shi a kwali, na lulluɓe shi da siririn katako mai falle-falle na milimita 3, wanda wani kafinta maƙwabcina ya yanka mini, sannan na shafe shi da gam na epoxy. A nan ina roƙonku ku kula, domin ruwan gam na polyester da masu aikin faiba ke amfani da shi yana narkar da wannan kumfa, haka ma fetur. Amfanin kumfan shi ne ko jirgin ya kife ba zai nutse ba, kuma a kogin da dorina ke zaune a cikinsa ba wanda zai so ya shiga lalube.

Sai bayan ganga ta zauna ake maganar inji, kuma injin jirgin sama na wasa ake nema, wanda iska ke sanyaya shi. Masu wannan sana'a sun daɗe suna son injin naitiro, irin wanda kamfanin O.S. na Japan ke yi. Mai lamba .40 girmansa kusan si-si 6.5 ne, yana jan farfela mai inci 10, ba shi da nauyi, ƙararsa kuma tana da daɗi a kunnen wanda ya saba. Ni ma ina sonsa, amma mansa haɗin metanol ne da naitiro da man shafawa kamar na zurma, kuma na zagaye shagunan da na sani a garin nan ban samu ba. Inji komai kyansa, idan ba ka da abin da za ka ba shi ya sha, ado ne kawai a kan kanta.

Injin fetur mai si-si 25 ko 26, irin na Zenoah ko wanda ake cirowa daga injin yankan ciyawa, ba shi da wannan matsalar, tun da fetur da baƙin mai na haɗawa suna ko'ina, kuma kowane bakaniken babur ya san kafiretonsa. Sai dai yana da nauyi da jijjiga, yana buƙatar gangar da ta haura mita ɗaya, farfelarsa kuma tana iya yi wa yatsa mummunan rauni, don haka ban ba wa mai farawa shawararsa ba.

Abin da na zaɓa shi ne injin lantarki mara burushi, mai lamba 2212 da KV 1400. Ma'anar KV ita ce yawan juyawa a minti ɗaya kan kowane volt idan babu kaya a kansa, saboda haka da batirin LiPo, wani irin batirin litiyam da ake caji, mai gida uku, wato wajen volt 11.1, yana haura juyi 15,000. Na sa masa farfela mai inci 8 da na'urar sarrafa gudu mai amfiya 30. Na fi son ƙaramar farfela a kan inji mai sauri, domin tana ba ni damar gajarta hasumiyar, nauyi ya sauko, karkatar ma ta ragu. Idan kun haɗa kuka ga yana juyawa baibai, ku musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku, zai gyaru.

Raunin lantarki a nan shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma batirin LiPo ba ya jure rana. Idan ya kumbura ya zama haɗari, ba a sake cajinsa. Kowane gida yana cika ne a volt 4.2, kuma ba na barin ya sauka kusa da 3. Shi ya sa nake zuwa da sassafe, batiran suna cikin wannan tukunyar ƙasa a inuwa, na'urar karɓar saƙon rimot kuma tana cikin robar abinci mai murfi, an toshe ramin wayoyin da gam.

Iska ta fara kaɗawa daga gabas, kuma jirgi mara nauyi irin wannan ba ya son iska ta gefe, don haka bari in yi sauri. Na kunna rimot tukuna kafin in haɗa batir, na gwada allunan baya, suna amsawa. Ku kalli wancan wurin da ciyawa ta fito saman ruwa, ta nan zan bi da shi, sannan in juya hagu a daidai inda na farkon ya kife. Bismillah.