Rijiya gaba 30, da lissafina kan sabon lilon Alton Towers

Assalamu alaikum mutanen gida, musamman 'yan garinmu na wajen Ringim da ke taruwa a shagon caji kuna kallona a waya ɗaya. Ku yi haƙuri da muryata, yanzun nan na sauko daga wani abu, wallahi ƙafafuna har yanzu rawa suke. Nan Alton Towers ne, wani babban wurin wasa da shaƙatawa a Ingila, daga Stoke inda nake aiki bai kai tafiyar awa ɗaya ba, fam arba'in da ɗoriya na biya ta intanet, in a bakin ƙofa ka saya kuwa sai ka ji a jikinka.

Kun ga wancan baƙin ƙarfen bayana? Oblivion kenan, tun 1998 yake nan. Rola kosta suke ce wa irinsu, mu dai lilo za mu ce, ko da yake shillon da muke ɗaurawa a reshen tsamiya bai san hanyar garin ba. Zai hau da kai a hankali kana jin ƙas ƙas ƙas a ƙarƙashin kujera, ya kai ka baki ya tsaya cak, fuskarka na kallon wani rami mai duhu, sannan ya sake ka. Mita 55! Baffa, ku da kuka san haƙar rijiya, gaba 30 kenan fa, kuma a miƙe. Salati kawai na ji bakina yana yi. Da muka fito ta ɗaya gefen, wani daɗi ya rufe ni wanda rabona da shi tun muna yara muna gangarowa da amalanke.

To a layi ne na haɗu da wani dattijon Bature da ke zuwa tun ana buɗe wani lilon nasu, Nemesis, a 1994, shi ya jefa ni cikin wannan lissafi: yaushe za su buɗe sabon babba? Ku duba, Nemesis 1994, wannan 1998, Air 2002, Thirteen 2010, Smiler 2013 mai juya mutum ƙasa sama har sau 14, sai na katako Wicker Man a 2018. Daga nan shiru. Nemesis ɗin da suka sake buɗewa a 2024 gyara ne, sabon zani aka ɗaura wa tsohuwa, ni ban ƙirga shi ba. A 2023 ƙaramar hukumar yankin ta ba su izinin wani ƙaton gini da za a sa lilo a cikinsa, Project Horizon suke kiransa, tun lokacin masoya wurin ke ta hasashe.

Abin da ya burge ni, a nan ba a yarda su yi gini ya wuce tsawon bishiyoyi ba, saboda mutanen ƙauyen da ke kusa. Shi ya sa suke haƙa ƙasa, Nemesis ma cikin rami aka dasa shi bayan an fasa dutse. Ƙauye ne fa kamar namu, amma maganarsu tana da nauyi, wannan ya tsaya min a rai sosai. Ga kuma koren nan ko'ina, sai ya tuna min gonarmu a watan Agusta lokacin da gero ya rufe mutum, Inna na dama fura a zaure... Allah Ya kai ni in gani.

Ra'ayina dai, 2028 ko 2029, kuma a watan Maris, don kusan duk manyan nan a Maris aka buɗe su, farkon kakar wasa, in ban da Smiler da ya kai ƙarshen Mayu. Dalilina? Kamfanin da ke gudanar da wurin, Merlin, ya zuba kuɗi a wani wurin wasan nasa, Thorpe Park, ya buɗe lilon Hyperia a 2024, mita 72, mafi tsawo a ƙasar, dole aljihu ya huta. Amma ba za su daɗe ba, tunda Universal ta Amurka ta ce za ta buɗe nata wurin wasan a Bedford a 2031, kuma ba mai zama ya ga kishiya na shigowa bai gyara ɗaki ba.

Duk wanda Allah Ya kawo shi, don Allah kar ka cika ciki kafin ka hau, kuma cire hularka ka adana, na ga ta wani ta tashi sama ba ta dawo ba. Kar ka zo ranar Asabar ko lokacin hutun makaranta, layi zai cinye maka wuni. Autanmu kuma, kai da ke ta turo min saƙo sai na kawo ka, sai ka kai mita 1.4 suke barin mutum ya hau wannan, je ka jingina da bangon zaure Yaya ta auna ka ta turo min.

Hadari ya fara haɗowa, bari in yi la'asar in ruga layin na katakon nan kafin ruwa ya sauko.